Taku Ɗaya Daga Bakin Kwalta

Na gode wa Allah da Ya tashi kafaɗuna. Sunana Ummaru, wanzami ne ni ɗan wanzami, kuma na fi shekara talatin ina hawan keke a kan hanyar da ta haɗa Isa da Sabon Birni ban taɓa faɗuwar da ta hana ni aski ba, sai bara da kaka. Duk wanda ya zo duba ni da labari ɗaya yake zuwa, wai direba ya yi gudu ya kaɗe tsoho. Ni ma na fi wata guda haka nake faɗa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan duka ba, kuma ragowar ce za ta amfani masu keke.

Mahaifina bai bar mini wata babbar gona ba. Zabira ya bar mini, da gidaje. Gidajen nan su ne waɗanda in an haihu mu ake kira askin suna, in yara sun isa mu ke yi musu kaciya, in maigida ya ji jikinsa ya yi nauyi mu ke kafa masa ƙaho. Suna warwatse a ƙauyukan Turba, kowa kuma ya san gidan wane na Ummaru ne. Sharaɗin riƙe su ɗaya ne: ranar suna da safe kana wurin. Jariri ba ya jiran wanzami ya warke. In ka rasa sau biyu, sau uku, wanda ya riƙe maka askar shi ne zai zama na gida, ba kuwa wanda zai zo ya gaya maka an sauya ka. Kira ne kawai zai daina zuwa.

Yadda nake tuƙa keke kuwa, daga jaki na koyo. Tun ina bin mahaifina a kan jaki yakan ce mini in na ji mota in raɓe, in ba manya hanya. Da na sami keke sai na ci gaba da hakan. A kan tafin hannun ƙarshe na kwalta nake tafiya, can inda ta gutsuttsure, in na ji hon a bayana in gangara cikin yashi. Ladabi na ɗauke shi. Har in na ga wani mai keke ya ɗan shigo cikin titi nakan ce a raina, wannan ya ɗauka hanyar ta gidansu ce.

Ranar da abin ya faru na taso daga wani aski da hantsi, zabira a kafaɗa, ina bin hannuna na dama a bakin kwalta yadda na saba. Lokacin kaka ne, kuma a wajenmu da kaka gefen titi ya zama wurin shanya, don kwalta ta fi tabarma zafi, ba ta kuma da tsakuwa. Wata tsohuwa, Tumba, wadda gidansu yana cikin gidajena, ta baza geronta a gefen hanya, ta jera duwatsu a bakinsa. Hankalina yana wani wuri, sai da na zo dab da shi na farga. A dama rami ne da ruwa ya ci. A gabana hatsi. Ni kuwa tunda uwata ta haife ni ban taɓa taka hatsi da gangan ba, balle in bi ta kansa da taya. Hannuna bai ma yi shawara da ni ba, ya karkata keken hagu, cikin titi. Ban waiga ba. A bayana akwai motar kasuwa cike da buhuna da mutane.

Ban ji zafi da farko ba. Na ga dai sama, na ga asakena a warwatse, na ga ƙafata ta hagu ta kalli inda ƙafa ba ta kallo.

Direban, wani magidanci mai suna Ɗanjuma, bai gudu ba, kuma wannan ba zan taɓa mantawa ba ko da a kwanakin da nake jin haushinsa. Ya sauke fasinjojinsa a bakin hanya, ya shimfiɗa ni a kujerar baya. 'Yan'uwana da suka taru suka ce a fara kai ni wajen maɗori, don shi ya ɗora rabin ƙauyen nan. Maɗorin ya ɗaga ƙyallen da aka ɗaure ƙwaurina da shi, ya duba, ya mayar.

"Wagga karaya ba tawa ba ta," in ji shi. "Ƙashi ya huda hwata, ƙasa ta shiga. Ku tai da shi asibiti tun rana ba ta yi ba."

Allah Ya saka wa mutumin nan da alheri. Na san masu sana'a irin tamu da ba sa iya cewa abu ya fi ƙarfinsu, ni kaina ban cika faɗa ba.

A asibiti mafi kusa suka wanke ciwon, suka yi mini allura, suka ɗaure ƙafar da katako, suka ce sai Sakkwato. Matata Kulu da babban ɗana Bello suka bi ni. Wanda bai taɓa bin hanyar nan da karyayyar ƙafa ba bai san yawan ramukan da ke cikinta ba. Ni na san su ɗaya bayan ɗaya, don kowanne sai da ya gaishe ni.

Satin farko a birni layi ne. Layin kati, layin hoton ƙashi, layin ganin likita, sannan a ce hoton bai fito da kyau ba a koma layin farko. Bello ke tsayuwa, ni ina kan gadon turawa a baranda ina kallon rufi ina tsaki. Na yi wa wata ma'aikaciya faɗa a kan jinkiri, ta dube ni ta ce, "Baba, ka ga wancan? Tun jiya yake nan." Na duba na ga wanda ya fi ni jin jiki, na bar faɗan. Ita ɗin ce kuma daga baya take zuwa wanke mini ciwo, da hannu mai sauƙi irin wanda ni mai aikin aska na san ba kowa Allah ke ba shi ba. A kwana na shida aka shiga da ni aka sa ƙarfe a ƙashin. Ragon da Kulu take turkawa don Sallah shi ya tafi a wannan aikin, ba ta kuwa taɓa ambatarsa ba har yau.

Sati na biyu zazzaɓi ya rufe ni, ciwon ya fara ruwa. Nan ne na ji tsoro na gaske, don na ga ana duban ƙafar ana duban juna. Aka sauya magani, aka yi ta ƙarin ruwa, Kulu tana zaune a ƙasa tana jiƙa tsumma tana ɗora mini a goshi. Bayan kwana huɗu ruwan ya tsaya. Likitan, wani siriri mai magana a hankali, ya ce da ni, "Ƙashin zai haɗu. Amma kada ka taka sai na ce ka taka." Ya maimaita wa Kulu, don ya gane da wa yake magana.

A ƙarshen sati na uku muka dawo gida, sai jinyar masu ba da shawara ta fara. Wannan ya ce a shafa man shanu a gasa da wuta. Wancan ya ce ƙarfe a jiki yana jawo sanyi, a koma a cire. Wata gwaggona ta aiko da ƙullin garin magani guda uku, kowanne da sharaɗinsa. Kulu takan karɓa ta yi godiya, ta zuba a wata tsohuwar ƙwarya a bayan ɗaki. Amma wanda ya fi ba ta wahala ni ne. Ƙafar ta kumbura, ni kuwa shekara talatin in na ga kumburi ƙaho nake kafawa. Wata rana da ta shiga madafa na ja jiki zuwa inda zabirata take rataye, na tarar babu ita.

"Kulu, ina zabirata?"

"Tana inda take, Malam."

"Ƙaho guda ɗai za ni kahwawa, mataccen jini na."

"In likita yac ce a kahwa, ni da kaina za ni riƙe maka ƙahwar," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Na yi kwana biyu ba na yi mata magana sai ta dole. Yanzu na san da na tsaga wurin nan da ban san inda zancen zai tsaya ba.

Gidajena kuwa, Garba ne ya riƙe mini su, ɗan ƙanen mahaifina, shi ma wanzami. Mutumin kirki ne, duk sunan da ya je sai ya biyo ya kawo mini rabin naman da aka ba shi. Amma naman nan ɗaci yake mini. A sati na biyar wani ya zo dubiya, cikin hira ya ce ai hannun Garba sauƙi gare shi, jaririn ko motsi bai yi ba. Bai san ya soke ni ba. Na ƙirga a raina, suna huɗu ke nan an yi ba ni. Na kwanta na juya wa bango fuska.

Ɗanjuma direba duk ranar da ya biyo hanya sai ya tsaya. Wata rana ya zo da lemu, wata rana da maganin da aka rubuta mini. Nakan amsa gaisuwarsa a taƙaice. A sati na shida, ranar ƙafar ta hana ni sakat, na kasa haƙuri.

"Kai dai hwaɗa mani gaskiya," na ce. "Da hantsi, gari sarai, mutum da keke, ba ka gan ni ba?"

Ya daɗe yana murza hularsa. "Baba, na gan ka. Tun daga nesa na gan ka."

"To mi yas sa ba ka rage gudu ba?"

"Don ban sa ka cikin hanya ba. Ka gahwarce ni, amma wanda duk yal laɓe can bakin kwalta, mu direbobi muna ɗauka ya ba mu hanya na, ya ce mu wuce. Ba mu taka birki saboda shi. Gudu na yi shi, ban musu ba, ka san yanzu kowa so shikai ya isa gida da sauran rana. Amma da kana taku guda ciki, kana tahiya miƙe, da na san hanyar ba ta ɗaukarmu mu biyu, da na rage na jira. Kai ko kana waje, sai ga ka gabana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. "Wato ni nib buge motarka ke nan?"

"Ban ce ba, Baba."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, ya yi sallama, ya tafi. Mako na zagayowa sai ga shi da lemunsa kamar ba a yi ba.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni mutum ne da ba a gaya mini abu in yarda sai na gani, don haka da aka ba ni sandunan dogarawa a sati na tara, na sa Bello ya riƙa kai mini kujera ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bakin titi. Mutane suna cewa tsoho ya fito shan iska. Ni kuwa aiki nake yi, ina kallon kekuna da motoci. Na yi kusan sati uku a kan haka, abin da na gani kuma bai yi mini daɗi ba. Mai keken da ya manne da bakin kwalta, mota ba ta ko sassauta masa, takan wuce har iskarta ta kaɗa rigarsa. In ya ci karo da rami, ko akuya, ko shanya, ba shi da wurin kaucewa sai cikin titi, kuma ba ya waigawa, don abin a bazata yake zuwa masa. Akwai kuma wani mai kai kaji kasuwa, wanda a da nake ganin rashin kunyarsa. Shi a taku ɗaya daga baki yake tafiya, a miƙe, ba ya lanƙwasa. Mota takan yi masa hon, ya waiga, ya ci gaba da tafiyarsa, sai ka ji ta rage, ta jira gaba ta yi sarari, ta zagaye shi da faɗi. Wata rana babbar mota ta taho a daidai inda hanya ta matse, wata kuma tana tahowa daga gaba. Tun daga nesa ya ɗaga hannu, ya tsaya cak, ya sauka ya ja kekensa gefe har suka wuce. Bai jira sai sun iso kansa ya yi tsalle cikin yashi ba.

Ranar na koma gida na ce wa Kulu, "Ashe shekara talatin Allah ɗai ka tsarona." Da Ɗanjuma ya zo kuwa, na sa aka dama masa fura, na ce masa maganarsa gaskiya ce, amma gudun nan nasa ma ya rage. Ya ce ya rage tun ranar.

A cikin kwanakin nan ne Tumba ta zo, mai shanya. Ashe tun da abin ya faru take jin kunyar zuwa, don wasu sun ce ita ta jawo. Ta dire ƙwaryar gero a gabana ta fashe da kuka.

"Daga shi na, Ummaru. Shi wanga gero da kaƙ ƙi takawa. Da ka taka shi, da mi za ya hwaru? Wankewa ɗai za ni yi."

Na ce mata ko gobe ba zan taka ba, kuma laifin ba nata ba ne, da ina inda ya kamata da tun daga nesa na ga shanyar na zagaye ta a natse. Ta share hawaye, ta ce ta koma shanya a bayan gida. Da za ta tafi ta juyo ta ce matar jikanta tana da tsohon ciki.

"Ubanka yay yi ma ɗana aski, kai kay yi ma jikana. Wanga ma kai muka so. Amma in ba ka iyawa, ka hwaɗi da wuri, Garba na nan."

Na ce mata zan zo. Ban san da wace ƙafa ba, amma na faɗa.

A wata na huɗu muka koma Sakkwato, aka sake layi, aka sake hoto. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini inda ƙashin ya haɗe, ya ce, "Yanzu ka taka." Na tambaye shi keke. Ya ce in bari sai na iya tafiya ba sanda, daga nan feda ma za ta sassauta mini gwiwa. Bello yana tsaye yana ji, ya ɓata fuska. Tun da aka gyara keken ya rataye shi can saman zaure inda hannuna ba ya kaiwa, yana cewa sayar da shi za a yi.

"Baba, ka bari hakanan. Ga 'yan kabu-kabu nan, in kira na a kai ka."

Na ce masa ɗan kabu-kabu ba ya zaman jiran a gama aski, ba ya kuma shiga ƙauye uku da safiya ɗaya don rabin wuyan rago. Wanzamin da sai an ɗauke shi ya riga ya ajiye aska. Muka yi ta ja har Kulu ta sa baki, ita da na zata za ta goyi bayansa.

"Sauko mashi da abinai," ta ce. "Na ga yadda yaz zauna bakin titi sati ukku. Ba mutumin da yaf fita ranan nan na ba."

Ta kuma shiga ɗaki ta fito da zabirata daga ƙarƙashin tulin tabarmi. Kusan wata uku ina kwana kusa da ita ban sani ba.

Na fara da tsakar gida, sannan hanyar masallaci, sannan bayan gari. Ƙafar tana ciwo in na danna feda, har yanzu ma takan yi in an yi sanyi, kuma ɗingishin da ya rage mini na gane tare za mu tsufa. Titi ne dai ban hau ba. Sai ga aike daga gidan Tumba, an sauka lafiya, namiji, suna ranar kaza.

Na fito bayan gari ya waye sarai, da farar riga don a gan ni daga nesa. Tayata ta hau kwalta. Na auna taku ɗaya daga baki, na tsaya a kansa, na miƙe. Ban yi nisa ba na ji mota a bayana, sai hon. Wallahi duk jikina yashi yake nema, hannuwan nan da suka saba shekara talatin suka fara karkata da kansu. Na riƙe su. Na waiga, na ga direban, shi ma ya gan ni, ban san shi ba bai san ni ba. Na ci gaba a kan layina. Sai na ji ƙarar injin ta sauka. Ya bi ni a hankali har wani mai babur da ke tahowa ya wuce, sannan ya buɗe can ya zagaye ni, tsakanina da shi ya isa a shimfiɗa tabarma. Ko rigata ba ta motsa ba.

A daidai wurin da na faɗi wani ya baza wake. Na hango shi tun daga nesa, na waiga, na miƙa hannun hagu, na ɗan ƙara shiga, na wuce shi ban taɓa ko dutse ɗaya ba.

Masu keke 'yan'uwana, abin da na saya da ƙafata ke nan, ku karɓa kyauta. Ku bi hannunku, ku bar taku ɗaya tsakaninku da bakin kwalta, ku tafi a miƙe, kada ku karkata sai kun waiga. In hanya ta matse kuma babbar mota na tafe, ku tsaya da wuri ku sauka. Ladabin da zai ɓoye ka daga idon direba, ka ajiye shi sai ka isa zauren manya.

Na isa gidan rana ta ɗan ɗaga, an riga an raɗa suna, an yanka rago. Da na jingina keke na hango Garba zaune a zaure da zabirarsa a kan cinya, na ce shi ke nan na makara. Na yi sallama na shiga ina ɗingishi. Garba ya dube ni, ya dubi ƙurar da ke ƙafar wandona, ya yi dariya.

"Tun ɗazu nike ce masu a ba ni in fara, Yaya. Tsohuwa ta hana."

Sai ga Tumba ta fito daga cikin gida da jaririn a naɗe cikin zane, gashinsa baƙi ƙirin ba wanda ya taɓa shi. Ta wuce Garba, ta ɗora mini shi a hannu.

"Da mi kaz zo?" ta ce.

"Da keke."

"To zauna ka yi aikinka."